Harbi Biyu a Gonar Badar

Shekararmu uku da aure kafin na fara tambayar kaina ko na san mutumin da nake zaune da shi.

Ni haifaffiyar Madina ce. Kakanmu ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ya yi hajji ya zauna, mu muka tashi a Harra ta Yamma, Hausa a cikin gida, Larabci da zarar mun taka bakin ƙofa. Mijina na fari ya rasu ya bar ni da 'ya ɗaya. Na biyun tela ne, mutumin Chadi, yana da ɗan shago a bayan layinmu. Ni na gan shi na ce ya yi mini, ba wanda ya zaɓa mini shi. Ba shi da yawan magana, ba ya faɗa, ko ƙudan da ya dame shi korarsa yake yi da hannu. In an tambaye shi danginsa sai ya ce yaƙi ya watsa su, mai tambayar ya yi masa addu'a a bar zancen.

Yayana a lokacin yana kula da wata gonar dabino a Badar. Saboda yawan bin hanya shi kaɗai, ya sami ƙaramar bindiga da takardar izininta, musaddas muke ce mata. Yana ji da ita ƙwarai. Duk sanda muka je gonar sai ya jera gwangwanaye a kan katanga ya tara mu kallo. Harbin farko yakan samu wani lokaci, amma na biyu bai taɓa samu ba a gabana, domin bindigar na zabura sama, shi kuma ba ya jira ta dawo sai ya sake dannawa. Mijina ba ya zuwa kallon. Yakan ce ƙarar tana sa masa ciwon kai, ya koma gindin dabino da carbinsa.

Wata Alhamis lokacin nunar dabino muka tafi gaba ɗaya, har da Umma mahaifiyarmu, wadda ƙafa ta riga ta fara ba ta wahala. Bayan azahar ta ja butarta ta tafi bakin magudanar ruwa za ta yi alwala. Mu muna kan tabarma ana zuba gahawa, Yaya ya ajiye musaddas ɗinsa a kan matashi.

Ni na fara ganin karen. Ya fito daga cikin dabinai, kansa a sunkuye, miyau na zuba, yana tafiya a karkace kamar wanda ya sha wani abu. Bai yi haushi ba. Ya miƙe kai tsaye wajen Umma, ita kuwa ta ba shi baya tana wanke ƙafa.

Yaya ya ɗauki bindigar ya harba, ƙasa ta tashi can nesa da karen. Ya sake harbawa nan take, sai ganyen dabino ya zubo. Yana ta kiran Umma da Larabci. Ban ga lokacin da mijina ya miƙe ba. Na dai ga bindigar a hannunsa, ya riƙe ta da hannu biyu, na ji ƙara sau biyu a jere, kusa da juna har na ɗauka ɗaya ce da amsa-kuwwarta. Karen ya kife, tsakaninsa da Umma bai fi tsawon tabarma biyu ba.

Kowa ya ruga wajenta, ni kaɗai na tsaya ina kallon mijina. Bai sauke hannu ba sai da ya tabbata karen ya daina motsi. Sannan ya zare gidan harsashin, ya ja wani abu harsashi ɗaya ya faɗo a tafinsa, duk ba tare da ya kalli hannuwansa ba, kamar yadda yake zura zare a keken ɗinki yana hira. Ya miƙa wa Yaya ita, bakinta na kallon ƙasa. Da aka juya gawar karen da sanda, ramukan biyu suna wuri ɗaya a ƙirji, tafin hannu zai rufe su.

Umma ta yi ta sa masa albarka har muka shiga mota. Shi bai ce komai ba sai, "Allah ne ya tsare."

Kwana biyu bayan haka Yaya ya same ni a gidan Umma, ya ja ni zaure.

"Kin ga abin da na gani?"

"Na gani, Yaya."

"Tela ba ya harbi haka. Shekara biyu ina koyo ban iya ba. Wa ya koya masa? Kin taɓa ganin takardunsa da idonki?"

Na ce iƙamarsa, takardar izinin zama, lafiya take, ni nake ajiye ta.

"Ban ce iƙama ba. Can ƙasarsu ana ta kashe juna. In ɗan tawaye ne, ko wanda ya yi wani abu ya gudo, mu za a fara kamawa. Kin san hukuma ba ta wasa da maganar makami yanzu."

Na dawo gida da maganar a kaina, kuma daga ranar duk abin da ya yi sai na ba shi fassara. Na lura ba ya zama ya ba ƙofa baya, ko a wajen cin abinci. Na lura da wani tabo a cinyarsa da ya ce mini ƙahon bijimi ne ya soke shi. Wani mutumin ƙasarsu da ke zuwa shago ranar Talata, wanda a da nake aika masa shayi, na fara tsayawa bayan labule ina saurarensu, alhali yarensu ba na ji. Wata rana yana masallaci na buɗe akwatinsa na ƙarfe na zazzage. Ban sami komai ba sai tsofaffin riguna, da almakashi, da Alƙur'ani bugun warash. Rashin samun bai kwantar mini da hankali ba, na ce ai mai ɓoyewa ba ya ɓoyewa a inda za a duba.

Ya gane an taɓa akwatin, domin ban iya ninkinsa ba. Bai yi magana ba sai bayan kwana uku, da hantsi, ina tsince shinkafa.

"Hajiya, abin da kike nema ba ya cikin akwati."

Na ajiye faifan. Na ce, "Malam, wane ne kai?"

Ya zauna a bakin ƙofar ɗaki ya gaya mini. Jandarma ne shi a da, shekara bakwai, a wani ƙaramin gari da ke kan hanyar shanu. An koya musu in za su harba su harba biyu a jere, kada su tsaya duba na farko, kuma duk cikinsu ba wanda ya kai shi. Wata rana yana gadin rijiyar bariki da tsakar rana, sai wani mutum ya fito daga bayan katanga da gudu, da abu a hannu. A makon an kashe musu mutum biyu. Ya harba.

"Na farkon a kafaɗa ya same shi," in ji shi. "Ya ɗaga hannu, na ga abin da ya riƙe guga ne. Na gani, Hajiya, idona ya gani. Amma yatsana ya riga ya tafi."

Makiyayi ne, raƙuminsa ya kwanta don ƙishirwa. Manyansa suka ce ba laifinsa ba ne, suka rufe maganar. Shi ya ajiye kakin, ya koyi ɗinki wajen wani kawunsa, da hanya ta samu ya taho hajji bai koma ba.

Na so in ce na yarda nan take, amma ƙarya ne. Labarin ya yi mini daidai da yawa, kamar rigar da aka auna. Na nemi wata tsohuwa 'yar Chadi mai sayar da turaren wuta a unguwar Jurf, na yi ta zuwa ina saye har muka saba, sannan na ambaci sunan garin. Ta ce ta san shi, akwai bariki, akwai rijiya, kuma ta taɓa jin an harbe wani makiyayi a wurin. Wanda ya harbe shi ba ta sani ba. Ta ƙara da cewa a shekarun nan an harbe mutane da yawa a bakin rijiyoyi da yawa. Iyakar abin da na samu ke nan.

Yaya kuwa rabi na gaya masa, cewa mijina tsohon jandarma ne. Ya ce to ya zo ya koya masa harbin nan na biyu. Da na kai saƙon, mijina ya ce in gaya wa Yaya ya yi haƙuri, wanda ya fi buƙata shi ne na farko, kuma na biyun ya fi kyau ya daɗe bai iya shi ba. Yaya ya ji haushi, wata biyu ba ya shiga shagon.

Mun ƙara shekara ashirin da wani abu tare, muka haifi uku. Bai sake zuwa Badar ba, duk kakar dabino sai dai mu tafi mu kawo masa nasa a kwando. Da ya rasu aka kai shi maƙabartar Baƙi'a bayan sallar la'asar. Mutumin nan na ranar Talata ya zo gaisuwa, ya tsufa, yana dogara sanda. Ta bayan labule na tambaye shi ko tare suka yi aiki a can. Ya ce shi dai a Madina ya san shi, kuma a matsayin tela ya san shi, ya yi addu'a ya tashi.