Abin da Ƙasa Ta Ƙi Ci

Mamata ta yarda da ƙasa kamar yadda ta yarda da fastonmu, wataƙila ma fiye. Muna da 'yar gona a bayan Samaru, kan hanyar Shika. Duk bazara sai ta sa mai a-kori-kura ya kwaso mata sharar bola daga Sabon Gari ya jibge a gonar: toka, ɓawon doya, kashin kaji, duk tarkacen gidajen mutane. In na toshe hanci sai ta ce, "Ke dai bari ruwa ya sauka. Ƙasa ba ta ƙyamar komai, ta cinye ta ba ki masara."

Gaskiyarta. Ruwa na sauka, tsutsotsi da gara su kama aiki, tarin ya yi baƙi ya yi laushi. Sai dai a shekarun nan ledar fiya-wata ta cika gari, tana biyo sharar. Mama ta ce ita ma za ta ruɓe, a ba ƙasa lokaci.

Akuyarmu ɗaya tal, ja, Mama na kiranta 'yar autarta don ta tsokane ni. Bayan girbi a gonar take kiwo. Wata shekara cikinta ya taso. Mama ta yi ta murna, har ta ware wa coci ɗa guda na godiya tun ba a haifa ba. Ciki na girma, akuya na ramewa. Aka ƙara mata dusa da kanwa, ta shinshina ta kau da kai. Lokacin haihuwa ya zo ya wuce, shiru.

Ranar da ta kasa tashi aka kira mahauci. Ya farke tumbin, ya zaro dunƙulen leda ya kai girman kan mutum, a murɗe kamar igiya. Babu ɗa ko ɗaya. Na sha kuka. Mama ta ɗauki dunƙulen ta binne a gindin darbejiyar bakin gona, ta ce ƙasa za ta ji da shi.

Bayan wasu shekaru muna shema a wajen, muna gyara gona kafin ruwa ya sauka, fartanyata ta tono shi. Yana nan yadda yake, har shuɗin rubutun jikin ledar bai goge ba. Mama ta daɗe tana juya shi a hannu.

"Ashe akwai abin da ba ta ci," ta ce a hankali.

Daga bazarar nan, kafin a baza taki, sai ta durƙusa ta tsince leda ɗai-ɗai da hannunta. Haka ta yi ta yi har gwiwa ta hana ta durƙuso. Ba ta ƙara kiwon akuya ba.