Mutanen da Suka Riga Fir'auna

A gidanmu na unguwar Mahjar ba mai yin tafiya sai mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta sa masa albarka. Ko Madina za ka, sai ka durƙusa a bakin tabarmarta. Allah Ya jiƙan ta. Tana yarinya ta shigo ƙasa mai tsarkin nan, bayan shekaru a hanyar Sudan, saboda haka ba ta ɗaukar tafiya da wasa.

'Yata ta biyu tana karatu a Masar, fannin tono kayan mutanen da. Mu dai tarihi muka ce wa Inna tana karantawa. Wata shekara ta zo hutu, ta yi baƙi, tafin hannunta duk kanta. Maƙwabciyarmu ta shigo barka da zuwa, ta ce, "Sannu da tonon Fir'auna!"

Inna ta ajiye kofin shayi. Da ta gama jin bayani ta ce, "Halas, magana ta ƙare. Jikata ba za ta koma gidan wanda Allah Ya nutsar ba."

A wurinmu duk abin da ya tsufa a Masar na Fir'auna ne. Ni ma haka na ɗauka. Ga shi lokacin tono ya matso, in yarinyar ba ta koma ba za a ba wani gurbinta. Ba albarkar Inna kuwa, ko ni ba zan kai ta filin jirgi ba.

Yarinyar tana jin Hausa sarai, amma in ranta ya ɓaci sai Larabci. Shi ya sa wata la'asar na zauna tsakaninsu ina tafinta. Ta fito da waya, ta buɗe wa Inna wani hoto.

"Ya Sitti, wallahi ba kabari ba ne, ƙauye ne," ta ce wa kakarta.

"Kawar min da shi," in ji Inna.

Yarinyar ta ce mutanen sun zauna a gefen kogin Nilu tun ba a san wani sarki Fir'auna ba, tun ba a san rubutu ba. Nan ni ma na tsaya, na ce ko harafi ɗaya? Ta ce babu, Baba. Toka ce, da ƙashin kifi, da fasassun tukwane jajaye masu baƙin baki. Ta nuna ramukan da suka kafa turakun bukka, da wani rami da aka shimfiɗe da tabarma ana zuba alkama da sha'ir.

"Kafirai ne?" in ji Inna, tana kallon bango.

"Ba mu sani ba. Ba su bar magana ba."

Na ce lamarinsu yana wurin Wanda Ya halicce su. Sai Inna ta miƙo hannu ta karɓi wayar. Hoton da ta tarar na dutsen niƙa ne, tsakiyarsa ta lotsa, kusa da wani murhu. Ta daɗe tana kallo. Sai ta shiga ba mu labarin da ban taɓa ji ba: yadda uwarta ta bar dutsen niƙanta a wani zango bakin kogi don raƙumi ya gaji, ta yi ta waiwaye har wurin ya ɓace.

"Wata rana wata marar kunya irinki za ta tono shi," in ji ta. Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. "Ke, da kika shiga ɗakin matar nan, kin yi sallama?"

Wannan karon da Hausa yarinyar ta amsa. "Sitti, ai ƙasa ce kawai."

"Ɗakin mace ne. Kin buɗe mata rumbu, kin leƙa tukunyarta, kin ga abin da ta ci da wanda ta rasa, ba ko sallama? Haka aka koya miki a gidan nan?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Daga yau ki yi. Wanda ya yi dariya ki ce kakarki ce ta sa ki. Abin da kika gani na talaucinsu kuma, ki faɗe shi da mutunci. Yalla, kawo hannun."

Ta riƙe hannun nan mai kanta, ta yi addu'a mai tsawo, ta tofa. Da muka shafa, ta ce a ɗumama mata shayin, ya huce.