Gayyar Gonar Baba

Abin da zan faɗa ya faru a daminar shekarar da anka ce Turawa sun bar mana ƙasa. Ina gidan aure a Shagari, da goyo a bayana, saƙo ya iske ni cewa Baba ba shi da lafiya a Bodinga.

Baba manomi ne irin wanda ake buga wa ganga. Amma na tarar da shi ko masallacin ƙofar gida ba ya kaiwa sai ya tsaya ya dafe ƙirji, zufa na zuba. Ya ce ji yake kamar an ɗora masa turmi, ciwon na bin hannun hagu har muƙamuƙi.

Babu inda ba mu je ba. Wanzami ya yi ƙaho, ya yi tsaga. Wata tsohuwa a Dingyadi ta ba mu saiwoyi. Malam ya ba da rubutu, ya ce mu haɗa da asibiti. Mijina ya sa mu a motar albasa, sai Sakkwato.

Likita, wani Bature, ya daɗe yana sauraren ƙirjin. Tafinta ya ce mana hanyoyin jinin da ke ciyar da zuciya sun ƙuntace, kamar hanyar ruwan lambu da laka ta cike, kuma ba a iya yashe su. Anka ba mu 'yan ƙwayoyi na sawa ƙarƙashin harshe. Anka ce ya bar noma, ya bar ɗaukar kaya, in ya kiyaye zai ga jikokinsa sun girma.

Da munka dawo na kwashe duka na faɗa wa Baffa, yayan Baba. Ya ce zai kira gayya a nome gonar. Na durƙusa na yi godiya, na roƙi abu ɗaya: kada a kawo makaɗi.

"Gayya ba ganga?" in ji shi. "Ke ɗiyar nan, tashi ki dama fura."

Na roƙi Baba ya zauna gida. Ya ce mai gona ba ya ɓuya, zai dai zauna gindin gawo ya yi wa mutane sannu.

Ranar gayya ina isowa da ƙwaryar fura na ji ganga. Samari sun jeru, ƙasa na tashi. Baba na zaune, ƙafarsa na rawa. Makaɗin nan ya bar masu noma, ya tako har gindin itacen, ya sunkuyar da ganga dab da kunnensa. Ya kira kakanninsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya waiwaya ya tambayi jama'a wai ina bijimin gona, ko yanzu shi ne mai tsaron takalma. Anka yi dariya. Baffa ma ya yi, da idona na gani.

Baba ya tuɓe riga.

Na ce, "Baba, don girman Allah."

Bai dube ni ba. Ya karɓi galma hannun wani, ya kama kunya. Ya wuce samarin duka, mata na guɗa. Da ya kai ƙarshen kunyar ya durƙusa, kamar mai neman wani abu a ƙasa. Ƙwayoyin na aljihun rigar da ya yar. Na ruga na ɗauko, amma ba a yi azahar da shi ba.

Wurin zaman makoki ina daga cikin gida ina jin maza na cewa ya yi mutuwar maza, galma a hannu. Baffa ya ce kwana ne ya ƙare. Na san kwana na ƙarewa, ban yi jayayya da Ubangiji ba. Amma ni na gaya masa maganar likita baki da baki, shi kuma ya aika anka kira makaɗi don kada ƙauye ya ce gayyar gidansu ta yi sanyi.

Gero ya yi kyau a shekarar. Baffa ya aiko mini da rabona a kan jaki har Shagari. Ban bari an sauke ba. Na ce a mayar, a gaya masa ya ba makaɗin, shi ya noma.