Yadda Muka Fara Goge wa Mage Ƙafa

A shekararmu ta biyu a Sri Petaling, wata unguwa a ƙasar 'yan Malay, ɗana ya fara rarrafe. Gidanmu a hawan ƙasa yake, ƙofar baya tana kallon wani fili mai ciyawa kore shar. Maigidana yana karatu a jami'a, ni kuwa ina gida da yaro da wata mage mai ruwan toka da ta shigo mana wata rana ta ƙi fita.

Ni matsoraciya ce, ba na musu. Tumatir sau uku nake wanke shi. Takalmi ba ya ƙetare bakin ƙofa. Amma mage ban taɓa tunanin sa mata ruwa ba. A gidanmu an koya mana ba ta da najasa, ko ta sa baki a ruwa ana alwala da sauran. To me za a wanke?

Sai wasu jajayen ƙuraje suka feso wa yaron a gwiwa da tafin hannu, har kumatu. Na canja sabulu. Na daina cin gyaɗa saboda yana shan nono. Su lafa kwana biyu, su dawo.

Wata safiya ina shanya sai ga wani ma'aikaci da tanki a baya, ya rufe hancinsa, yana yi wa ciyawar feshi. Ya kafa ɗan allo mai rubutun Malay ya wuce. Na sha ganin allon, na ɗauka cewa yake kada a taka. Ba a jima ba magen ta shiga ta yi birgimarta, ta dawo ta miƙe a dardumar yaron. Ya rarrafo ya kifa fuska a cikinta yana ƙyalƙyala dariya. Ina ɗaga ta na ji warin. Irin na maganin da babanmu ke fesa wa wake ne, wanda in ya dawo daga gona ba ya bari mu taɓa rigarsa.

Da maigidan ya dawo cin abincin rana na ce, "Malam, magen nan ce ke kwaso mana."

Ya ce, "Uwargida, shekaranjiya sabulu, jiya gyaɗa. Gobe ni ne ke nan."

Na ja shi har gaban allon. Ya ɗauki hotonsa a waya, wayar ta fassara: a hana yara da dabbobi shiga sai ciyawa ta bushe. Ya daina dariya. Muka kai yaron asibiti, likitar ta ce zai iya zama hakan, ta ba mu man shafawa. A hanya ya ce, "Sai dai magen ta tafi."

Ban so ba. Ita ke taya ni zama duk yini. Na je wurin maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar Malay mai mage biyar, na yi mata bayani da hannu da ƙafa. Ta yi dariya ta ce, "Boleh, boleh," wato zai yiwu. Ta kamo ɗaya, ta jiƙa tawul, ta goge mata ƙafa huɗu da ciki. Ta nuna allon, ta nuna ƙofa, ta rufe.

Na wanke dardumar. Maigida ya riƙe magen na yi mata wankan farko, ta yakushe shi sau biyu yana cewa shi karatu ya zo yi. Tun daga nan duk ranar feshi a ɗaki take yini, tana kuka a bakin taga kamar mun ci amanarta, sauran ranaku kuma sai an goge ta take shigowa.

Kafin sati biyu fatar yaron ta yi sumul. Maigida bai ƙara maganar korarta ba, shi ne ma ya sayo mata tawul nata.