Littafin da Kafinta Ya Mayar

Shekara arba'in kafinta ya yi a shagonsa na bakin layi, ba a taɓa jin gudumar aro ta kwana a hannunsa ba. Karatu kuwa, iyakarsa lambobin awo.

Da ciwon ƙafa ya zaunar da matarsa, sai 'yarsu ta saka mata laburare a waya, inda ake aron littattafai da labaran zane. Ya yi mata kujera a ƙofar shago. Yana aiki, tana karanta masa.

"Ajiye zarton nan, tsoho, za a kama ɓarawon!"

"Da hannu nake yanka, ba da kunne ba."

"To me na ce yanzu?"

Ya sosa ƙeya, ta yi ta dariya har da tari.

Duk inda ya tsoma baki, sai ta shafa wa wurin rawaya, ta rubuta maganarsa da amsarta a gefe. Suna tsakiyar wani dogon littafi ta rasu.

Da 'yar za ta koma bakin aikinta, ta ce in ta dawo za ta karanta masa duk abin da Mama ta rubuta. Abin da ya rage masa na bakinta ke nan.

Wata safiya ya nuna wa maƙwabcinsa mai aski wayar. Mai aski ya ce, "Ai littafin na aro ne, Baba."

Matarsa tana kwance a kabari da kayan mutane a wuyanta? Ya sa takalmi, ya ce a nuna masa hanyar laburaren.

"Ba gini ba ne. Nan ake dannawa a mayar."

Ya goge yatsa a riga, ya danna.

Ran Asabar 'yar ta zo, ta sake aro littafin. Ta yi ta jan shafuka, fari fat, babu rawaya, babu rubutun Mama. Ta kira masu manhajar, suka ba da haƙuri, wai rubutun gefe tare da aron yake tafiya.

"Baba, me ya hana ka jira ni?"

"Ba nata ba ne."

Ya daɗe yana kallon garin katako a ƙasa.

"Ko ɗaya ba ki riƙe ba?"

"Ɗaya na taɓa gani. Ta rubuta: ‘Wai ƙofa ba ta ɓallewa da duka ɗaya. Na ce masa ai ba shi ya yi ta ba.’"

Leɓensa ya motsa.

"Sake faɗa," in ji shi.