Cakulan a Takalmin Najat

Raudatu mutuniyar zangon Kumasi ce, kuma duk unguwar Tremont, inda take zaune a ƙasar waje, an san ta da abu biyu: ba ta makara, ba ta dogon zance. Kusan shekara goma ke nan kullum tana tsallaka ruwa a feri, jirgin fito, zuwa unguwar St. George, tana rainon 'ya'yan wasu mutanen Holan. Ta yi musu wanka, ta goya su da zane, har waƙoƙinsu ta iya, ita da ba ta san ma'anar ko ɗaya ba.

Tata 'yar kuwa, Najat, tana ƙarama ta bar ta wurin kakarta. Sai bana takardu suka fito, yarinya ta sauka budurwa, tana kiran uwarta Anti. Raudatu ta so ta ji haushi, ta duba ranta, ba komai ciki. Abu ɗaya ya rage mata: ta ji Najat ta ce mata Mma, ko da kuskure ne.

To, mutanen Holan da shiririta! Idan Disamba ta kama, yara kan ajiye takalmi kusa da hita mai ɗumama ɗaki, su cusa karas ciki, wai na dokin wani tsoho mai farin gemu, Sinterklaas. Da safe karas ya ɓace, sai cakulan da 'yan ƙananan biskit masu ƙamshin kanumfari. Raudatu ce ma ke cin karas ɗin. Ta sha ganin yaro mai fushi da uwarsa ya leƙa takalmi, ya ruga ya rungume ta.

Sai ta ce bari ita ma ta gwada. Ta karɓi cakulan wurin madam, uwar yaran, ta naɗe a leda. Bayan sallar asuba ta tura shi can cikin takalmin makarantar Najat da ke bakin ƙofa, ta koma kicin tana jira. Ina hankalinta ya tafi, oho. Ta manta ko 'yar wane gari ce yarinyar, inda ba a tsintar ƙulli cikin takalmi a yi murna.

Najat ta sa ƙafa, ta janye. Ba ta yi ihu ba. Da cokali ta zaƙulo ƙullin, ta shige banɗaki da waya. Can sai ga kiran Kumasi. Tsohuwa, kakar Najat, ba ta ko amsa gaisuwa ba, ta tambayi Raudatu wane malami ne ya ba ta, me kuma yarinya ta yi mata. Raudatu ta fara bayanin doki da karas, ta ji yadda maganar ke fita daga bakinta, ta fasa.

Najat ta fito, idonta a ƙasa.

"Anti, ba sai kin yi mini asiri ba. Duk abin da kika ce in kira ki, zan kira ki."

Raudatu ta ce to. Ta ɗauki jakarta, don feri ba ya jiran kowa. Tana sa mayafi ta ji muryar yarinyar a bayanta, a hankali, tana rawa: "A dawo lafiya, Mma."

Ba ta waiwaya ba.