Har Ina Hannunka Ya Kai?

Shekara da shekaru ina koyar da Ingilishi a wani kwalej a Madawa, kuma akwai kalmar da nake jin daɗin rubutawa a allo: ascertain. Nakan gaya wa ɗalibai cewa ba ta Turawan Ingila ba ce tun asali, aro suka yi daga tsohon Faransanci, ƴar ɗaki ɗaya ce da certain da suka sani. Da can, ma'anarta ka sa wani ya sakankance, ka kwantar masa da hankali. Daga baya ta juya ta zama ka tashi da ƙafarka ka bincika har ka san gaskiyar abu. Ɗalibai su kwafa, ni in karkaɗe alli ina jin kaina masani.

Wata shekara, farkon damina, na je ƙauyenmu kusa da Tamaske kwana biyu. Kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ƙafa ta riga ta kwantar da shi. Da hantsi aka yi ruwa. A wajenmu ba a shuka don an ji ruwa a kan rufi. Sai an je gona an tona da hannu, an ga iyakar inda laima ta sauka, don ruwan ƙasarmu ta Adar yakan jiƙa gonar wani ya tsallake ta maƙwabcinsa. Ɗansa, taubashina, ya tafi kasuwa, sai kawu ya dube ni.

“Mushe,” haka yake kirana, kamar yadda ake kiran kowane malamin lakkol, wato makarantar boko, “hau tudu ka tona mini gona. Iri ɗaya gare ni.”

Irin nan gero ne da ya gada, wanda yake zaɓa zangarniya-zangarniya kowace kaka. Bara ba a samu kirki ba, abin da ya rage bai wuce shuka ɗaya ba.

Na hau moto, wato babur. A gindin tudu na tarar da ƙorama tana gudu, hanya duk taɓo da duwatsu, ni kuma ina sanye da takalmin da nake shiga aji da shi. Na tsaya, na dubi ruwa, na dubi takalmi. Na yi lissafi irin na masu karatu: ruwan da ya cika ƙorama ai daga sama ya gangaro. Na juyo.

“Har ina hannunka ya kai?” in ji kawu.

Na nuna wuyan hannuna.

Washegari na koma Madawa gyaran takardun jarrabawa. Sauran labarin daga taubashina na ji, bayan wata guda, yana ba ni shi yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Da suka sara sungumi suka ga ƙura a ƙarƙashi, sai ya aiko gida cewa laimar ba ta kai ba, a dakata. Kawu ya mayar da amsa: Mushe ya tona da hannunsa, a shuka.

Taubashina ya ci gaba: “Na ce kai, wannan da ko tuwo da cokali yake ci? Tsoho ya ce in rufe baki, mai ilimi ba shi faɗin abin da bai gani ba.”

Gero ya tsiro, aka yi kwanaki ba ɗigo, ya ƙone yana ɗan yatsa. Aka sake shuka da irin kasuwa. An ci tuwo a shekarar, ba a yi yunwa ba, amma geron kakanninmu ya ƙare a gidan. Taubashina ya zaga dangi neman ko tiya ɗaya, duk sun gauraya nasu.

Da hutu ya zo na koma, na shirya jawabina na amsa laifi tun a hanya, har da sakin layi. Na tarar da kawu a zaure da ƙannensa, ana maganar irin. Wani ya fara cewa ai da an saurari taubashina da ke gona, ya waiwayo wajena. Kawu ya katse shi.

“Ku bar yaro. Shi ya tona, ya faɗi abin da ya gani. Rana ce ta shanye kafin safe. Ni na yi gaggawa.”

Wurin magana ya buɗe mini sarai. Na sunkuyar da kai na ce Allah ya mayar da alheri, suka ce amin. Kawu ya rasu damina biyu bayan haka, yana ɗaukar laifin a matsayin nasa.